Yara suna karatun JAMB har tsakar dare, me ya sa maki ba ya kaiwa 200?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, dan Allah a ɗan sammin fili in yi magana da ƙannenmu da 'ya'yanmu masu shirin zana jarrabawar shiga jami'a, da iyayensu ma, don abin ya daɗe yana cina kuma duk shekara zancen ɗaya ne. Yaro zai ce maka ya yi karatu, kuma ba ƙarya yake ba, da idonka ka gan shi ya duƙufa kan littafi har ƙarfe biyun dare, amma ranar da sakamako ya fito sai ka ji 160 ko 170, gida ya yi tsit, uba ya ce dama yaron nan ba ya ja, uwa ta ce bakin mutane ne, shi kuma yaron ya ce kwamfuta ce ta cuce shi. Ni malami ne, na jima ina koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare ina kuma yi musu lesin na wannan jarrabawa, kuma abin da na gani shi ne yawancinsu suna wahala da gaske, kawai dai irin karatun da suke yi daban, abin da jarrabawar take nema daban.

Bari mu fara da ita kanta jarrabawar, don da yawan iyaye suna biyan kuɗin fom amma ba su san me ke cikinta ba. Tambayoyi 180 ne, awa biyu cif. Turanci shi kaɗai 60, sauran darussa ukun da yaro ya zaɓa kowanne 40, kowane darasi maki 100 ne, duka 400 kenan. Toh ka ɗauki awa biyun nan ka raba, daƙiƙa 7,200 a kan tambaya 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da shi. A cikin daƙiƙa 40 ɗin nan ne yaro zai karanta tambaya da Turanci, ya gane me ake so, ya tuno abin da ya sani, in lissafi ne ya buga, ya duba amsoshi huɗu ya zaɓi ɗaya ya wuce. Babu wanda zai ce masa yi bayani, babu makin ƙoƙari irin na WAEC da NECO inda in ka fara aiki daidai ka ɓata a ƙarshe malami zai ɗan ba ka wani abu. Nan ko ka dace ko ka rasa, shikenan. Yanzu in tambaye ka Edita, yaron da ya shekara yana karanta littafi a kishingiɗe, bai taɓa sa agogo a gabansa ba ko sau ɗaya, yaushe ya shirya wa daƙiƙa 40?

Kuma alƙaluman hukumar JAMB da kansu suna nuna haka. A 2025 mutum sama da miliyan 1.9 suka zana, sakamakon farko da aka fitar sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Na san wani zai ce ai shekarar ce aka samu matsalar na'ura, eh gaskiya ne an samu, har shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya ba da haƙuri, aka sake wa kusan mutum dubu 380 jarrabawa a Legas da jihohin kudu maso gabas. Amma ka koma 2024 da ba a yi wannan hayaniyar ba, nan ma kusan kashi 76 cikin 100 ƙasa da 200 suka ci. Don haka mu daina fakewa da kwamfuta, kashi uku cikin huɗu na yara ba sa cin rabin maki, kuma ba zai yiwu a ce dukkansu daƙiƙai ba ne ko dukkansu malalata.

Ga yadda yaranmu suke karatu, duk wanda yake da ɗalibi a gida ya lura ya gani. Zai buɗe littafin bayoloji babin yadda jini ke zagayawa, ya karanta, ya ɗauki biro ja ya ja layi ƙarƙashin rabin shafin, ya gyaɗa kai, gobe ya sake buɗe wurin ya karanta, wannan karon ma ya fi sauri saboda idonsa ya saba da jimlolin, sai zuciyarsa ta ce masa ai ka iya wannan. Toh ka karɓe littafin ka rufe, ka ce masa wace jijiya ce take ɗauko jini daga huhu ta kawo zuciya, kuma wane ɗakin zuciya take zubawa? Sai ka ga ya ɗaga kai sama yana "wallahi na sani, yanzu na gani, yana gefen dama na shafin kusa da hoton nan". Ya tuna inda abin yake a shafi amma abin kansa ya ƙi zuwa. Kamar mutumin da ka san fuskarsa sarai, kun gaisa ya fi a ƙirga, amma aka ce faɗi sunansa ya kwance maka. A zauren jarrabawa suna ake tambaya, kuma babu shafin da zai duba.

Wannan ba hasashena ba ne kawai, masana halayyar ɗan Adam sun gwada shi. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗaliban jami'a wani ɗan rubutu, wasu aka ce su yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sau ɗaya aka karɓe aka ce su rubuto abin da suka tuna, aka sake cewa su rubuto, haka dai. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatun ne suka fi. Amma da aka dawo bayan mako guda sai labari ya juya, masu gwada kansu sun tuna kusan kashi 61, masu maimaita karatu kusan kashi 40. Abin da ya fi ba ni mamaki a ciki, masu maimaita karatun su ne suka fi yarda da kansu cewa za su tuna. Ka ga yaronmu kenan sak, mai shiga zaure da ƙwarin gwiwa ya fito yana cewa an kawo abin da ba a koya musu ba. Daga baya a 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi kan dabarun karatu guda goma, biyu ne kawai suka samu babban matsayi, gwada kai da tambayoyi, da rarraba karatu a tsawon lokaci. Ja layi da maimaita karatu, wato su ne kaɗai abin da yaranmu suka iya, suna can ƙasa.

Saboda haka ni abin da nake cewa ɗalibaina, in ka karanta shafi biyu rufe littafin, ɗauko farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, da Hausa ma in ka ga dama, sannan ka buɗe ka ga me ka bari. Ba daɗi, na sani, don a nan ne mutum yake ganin ashe bai iya ba, kuma babu mai son ganin haka. Yara da yawa kwana biyu suke yi su koma wa jan layinsu saboda shi yana sanyaya rai. Amma wannan wahalar ta lalubo abu a ka ita ce take zaunar da shi.

Sai maganar tsoffin tambayoyi, wanda nan ne aka fi yin ɓarna. Kowane ɗalibi yana da littafin nan mai kauri na tambayoyin shekarun baya, ko manhajarsa a waya, amma ka ga yadda ake amfani da shi. Yaro zai karanta tambaya, kafin ma ya yi tunani ya juya baya ya duba amsa, ya ce ehen C ce, ya wuce ta gaba. Wasu har haddacewa suke, wai ana maimaitawa. Eh akan maimaita wasu, amma sau da yawa salon tambayar ne yake dawowa an canza lambobi ko an juya ta, mai hadda kuwa da an taɓa lamba ɗaya ya tashi a tutar babu. Kuma wani abu da ba a faɗa wa yara, littattafan nan ba hukumar ce take rubuta amsoshinsu ba, 'yan kasuwa ne, kuma ina cin karo da amsar da ba daidai ba a cikinsu, to wanda ya haddace ba tare da ya gane ba ya haddace kuskuren wani.

Yadda ya kamata shi ne ka ware tambaya 40 na darasi ɗaya, ka ajiye waya a wani ɗakin, ka sa agogo minti 25 ko 27, ka amsa duka ba leƙe, lokaci na cika ka ajiye biro ko ka gama ko ba ka gama ba. Sannan ka yi makin kanka. Kuma ainihin karatun sai yanzu zai fara, don duk wadda ka faɗi sai ka zauna ka tambayi kanka me ya kayar da ni. Wani lokacin ba ka san abin ba sam, wannan sai ka koma littafi ko wurin malami. Wani lokacin ka sani sarai amma ba ka karanta tambayar da kyau ba, an ce zaɓi kishiyar kalmar da aka ja wa layi kai kuma ka zaɓi mai kama da ita, ko an ce duk waɗannan haka suke banda ɗaya, idonka ya tsallake banda ɗin. Wani lokacin kuma lokaci ne ya ƙure maka ka yi cinke. Kowanne maganinsa daban, kuma in ba ka rarrabe ba sai ka yi ta shan maganin ciwon da ba shi ke damunka ba. Ina sa ɗalibaina su buɗe littafin rubutu na musamman na kurakurai kawai, tambayar, abin da suka zaɓa, da dalilin da ya sa ba ita ba ce, duk ƙarshen mako su rufe amsar su sake gwadawa. Wallahi wannan ɗan littafin ya fi duk wani hanawut da za a sayar musu amfani.

Bari in kawo misali ɗaya don a ga yadda masu tsara tambaya suke tunani. A ce mota ta tafi wani wuri da gudun kilomita 60 a awa, ta dawo ta hanyar da ta bi da gudun 40, mene ne matsakaicin gudunta? Yaro na gani zai haɗa 60 da 40 ya raba biyu ya samu 50, ya duba ya ga 50 tana nan zaune a B, ya ji daɗi ya danna ya wuce. Ai da gangan aka ajiye masa ita a wurin. Motar ta fi daɗewa a hanya lokacin da take gudun 40, don haka dole matsakaicin ya karkata can. Ka ɗauka nisan kilomita 120 ne, zuwa awa 2, dawowa awa 3, ta ci kilomita 240 a awa 5, amsa 48. Amsoshi ukun da ba daidai ba ɗin nan ba haka kawai ake zubo su ba, kowacce kuskuren da aka san yara suna yi ce, shi ya sa ganin amsarka a cikin jerin ba ya nufin ka yi daidai. Yaron da ya saba zama yana bin diddigin me ya sa B ta ja shi, shi ne ranar jarrabawa zai ɗan tsaya ya ce anya wannan ba ta yi sauƙi da yawa ba.

Na biyun da masanan suka ce, rarraba karatu, shi ma tsohon zance ne. Tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da kwanakin farko take faruwa, kuma in ka waiwayi abu bayan ɗan lokaci sai ya ƙara jimawa kafin ya gudu. Ma'ana awa ɗaya ta kemistiri yau, wata jibi, wata mako mai zuwa, ta fi awa uku a zama ɗaya, duk da lokacin ɗaya ne. Mu kuma me muke yi, sai saura sati uku yaro ya ɗauko littafi huɗu ya ce zai cinye su, ba barci, ido ya yi ja, alhali a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka zuba mata da rana. Hausawa dai sun gama magana, ba a fafe gora ranar tafiya. Daren jarrabawa musamman, dan Allah iyaye ku karɓe littafin ku ce ya je ya kwanta, abin da bai shiga ba a wata huɗu ba zai shiga da ƙarfe ukun dare ba, sai dai ya je yana hamma a gaban kwamfuta.

Akwai takardu biyu da hukumar take fitarwa kyauta, suna shafinta na intanet, amma in ka tambayi aji guda wa ya taɓa buɗe su da ƙyar ka ga hannu ya tashi. Ɗaya silabus, wanda ya jera batutuwan da za a yi tambaya a kansu a kowane darasi, har da abin da ake so ɗalibi ya iya a ƙarƙashin kowane batu. Wato an gaya maka iyakar gonar, kai kuma kana can kana noman ta maƙwabci. A fitar da shi a takarda a manna a bango, duk batun da ka gwada kanka ka ci ka yi masa alama, waɗanda suka rage su ne aikinka. Ɗayar kuma burosha, ita ke faɗin darussan da kowane kwas yake buƙata. Likitanci Turanci da fizis da kemistiri da bayoloji, injiniya Turanci da lissafi da fizis da kemistiri, lauya kuma sai da adabin Turanci a ciki, kuma wasu jami'o'in suna da nasu ƙarin sharaɗin. Duk shekara sai na ga yaron da ya ci maki mai kyau amma adimishan ya gagara saboda a wurin rajista wani da ke zaune gaban kwamfuta yana sauri layi ya yi tsawo ya ce masa "sa darasin gwamnati kawai ya fi sauƙi", shi kuma ya ce to. Shekara guda ta tafi a kan maganar minti ɗaya. Yaro ya je wurin rajista da darussansa a rubuce a takarda, kuma kar ya tashi sai ya karanta abin da aka cike masa da idonsa.

Ita kuma kwamfutar, ba na cewa ba ta da nata. Tun 2015 aka koma yin jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta, yau shekara goma da wani abu, amma har yanzu akwai yaron da ranar jarrabawa ce ranar farko da zai ɗora hannu a kan maus, ka ga hannu na rawa kibiya tana yawo a allo, minti goma sun tafi kafin ya nutsu, minti goma kuwa tambaya 15 ce. Alhali an sauƙaƙa abin, ko maus ɗin ba dole ba ne, A, B, C, D na zaɓen amsa, N ka je gaba, P ka dawo baya, S ka miƙa aikinka, R ka fasa in ka danna S bisa kuskure. Akwai kalkuleta a jikin allon, ita ma sai an saba da ita. Kuma kar a ce ai yana yi a waya, latsa waya da babban yatsa a kwance daban, zama a kujera awa biyu kana karanta dogon rubutu a allo agogo yana raguwa a saman kanka daban. Tun 2017 hukumar take shirya jarrabawar gwaji kafin ta gasken, ba dole ba ce, shi ya sa da yawa suke tsallakewa, ni kuwa a ganina wanda bai saba da kwamfuta ba ita ce ta fi masa komai, ya ga yadda ake tantance yatsa, ya ga zauren, ya ji faɗuwar gaban tun a ranar da ba a lissafawa.

In an shiga kuma akwai dabara. Ba a rage maki don ka faɗi tambaya, saboda haka barin tambaya ba amsa asara ce tsagwaronta. Ko jarrabawar SAT ta Amurka da a da take cire rubu'in maki kan duk amsar da ba daidai ba ta daina tun 2016. In ka yi cinke ido rufe damarka ɗaya cikin huɗu ce, in ka iya fitar da biyu da ka tabbata ba su ba ne ta koma rabi da rabi. Ka fara da darasin da ka fi ƙarfi ka kwashe na sauƙi da gudu, wadda ta tsaya maka a wuya zaɓi wani abu ka wuce, in lokaci ya ragu ka dawo. Yaran da suka fi ƙoƙari a aji su ne wannan ya fi kamawa, don ba su saba a kayar da su ba, sai ya tsaya yana kokawa da tambayar fizis ɗaya minti biyar saboda zuciya, alhali makinta ɗaya da wadda zai amsa a daƙiƙa goma can gaba da bai ma kai wurinta ba.

Abin da ba ma so a faɗa kuma shi ne Turanci. Muna kallonsa a matsayin darasi ɗaya cikin huɗu, amma in ka cire masu zana Hausa ko Larabci ko wani harshe, duk sauran tambayoyin da Turanci suke zuwa, don haka yaron da karatunsa ke tafiya a hankali yana biyan wannan harajin a kowace tambaya cikin 180. Na sha fassara wa yaro tambayar kemistiri da baki, kafin in rufe baki ya ba ni amsa daidai, ashe kemistirin yana nan, jimlar ce ta tare hanya. Wannan ba ya gyaruwa da haddar ma'anar kalmomi a sati biyu, sai da karanta rubutu mai tsawo kullum, ko minti ashirin ne, jarida ko labari ko ma mene ne, ka rufe ka faɗi abin da aka ce. Littafin labarin da hukumar take warewa ma a karanta shi kansa daga farko har ƙarshe, a bar dogaro da taƙaitawar da ake turawa a WhatsApp. Sannan akwai ɓangaren furuci, inda ake tambayar wace kalma ce sautinta ya yi daidai da wace, ko a wace gaɓa ake danna murya, wannan sai an ji da kunne, a sa yaro ya riƙa sauraron yadda ake furtawa yana maimaitawa.

Masu sayar da amsa kuwa ba zan ɓata musu fili da yawa ba. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai turo maka tambayoyin gobe da daddare, ko zai ɗaga maka maki bayan sakamako ya fito, ɓarawo ne kawai. Ana yin jarrabawar kwanaki da dama rukuni rukuni, na kusa da kai ma ba lallai tambayarku ta zo a jere ɗaya ba. Abin takaicin wani lokacin uba ne da kansa yake biya, kuma ko kuɗin ba su ne babbar asarar ba, yaron da aka ce masa amsa tana zuwa daga ranar ya rufe littafi.

Iyaye, tambayar nan ta "kana karatu kuwa?" ba ta da amfani, amsarta kullum eh ce. Ku canza ta. Ku ce tambaya nawa ka gwada yau, nawa ka ci, wacce ka faɗi, me ya sa. Ko ba ka yi boko ba za ka iya riƙe agogo ka ce fara, ka ce tsaya, kuma za ka iya cewa zo ka yi min bayanin abin da ka karanta yau da Hausa, in ya kasa yi maka bayani to shi ma bai gane ba. A rage musu aike a watannin nan, musamman 'yan mata da aikin gida yake cinye musu yini sai dare ya raba su samu littafi. Ba ina cewa mu zama Koriya ta Kudu ba, inda ranar jarrabawarsu a watan Nuwamba har jirage ake dakatarwa lokacin da yara ke sauraron Turanci, ko Chana da sama da mutum miliyan 13 suka zana tasu a watan Yunin 2025 gari ya tsaya cak, su ma matsin ya yi musu yawa har suna kuka da shi. Amma awa biyu ta shiru a gida ba ta fi ƙarfin kowa ba. Kuma a daina auna yaro da ɗan wane da ya ci 300, tsoro ba ya ƙara maki, sai ma ya sa abin da aka sani ya gudu. A kuma tuna makin nan shi kaɗai ba ya ba da gurbi, sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi a yawancin kwasa-kwasai, ga tantancewar da jami'o'i suke yi daga baya, don haka kar a jingine WAEC da NECO saboda JAMB.

Roƙona gare ka Edita, tunda jaridar nan tana shiga hannun iyaye da malamai, ku ware mana ko rabin shafi ne duk mako daga lokacin da aka fara sayar da fom har zuwa jarrabawa. A kawo tambaya goma da Turancinsu yadda za su zo, a rubuta a sama cewa minti bakwai ne, mako mai zuwa a kawo amsoshin tare da bayani da Hausa, kuma bayanin kar ya tsaya kan wadda take daidai, a faɗi abin da ya sa sauran ukun suke jan mutum. Akwai malamai da yawa da za su rubuto muku wannan kyauta in kun nema, ni ma a shirye nake in ɗauki lissafi da fizis.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya ba yaranmu sa'a.

Naku,
Wani malamin sakandare mai karanta ku kullum